Wane ne mugu a tsofaffin fina-finan Malay?

Tambaya: Na kalli wasu tsofaffin fina-finan Malay marasa launi, na zamanin P. Ramlee. Na lura bos ɗin yawanci ɗan birni ne mai kwat da laktaye, sigari a baki, jarumin kuma talaka ne ɗan ƙauye. Shin saƙon shi ne duk wanda ya ɗauki al'adar Turawa ya lalace? Kuma me ya sa ban ga Bature ko ɗaya a matsayin mugu ba, alhali Ingila ce ke mulkinsu?

Ɗan'uwa, idonka ya gani daidai, sai dai gefe ɗaya ka gani. Mai kwat ɗin nan yana nan a fina-finai da yawa. Amma in ka ci gaba da kallo za ka haɗu da wani mugun da ya fi shi ɓarna, wanda ke sanye da kayan gargajiya tsaf, yana zaune a fada ko a falon gidan masu asali, yana zaluntar mutane da sunan al'ada da martabar gida. Abin da ya haɗa su biyun shi ne dukkansu 'yan gida ne. Fim ɗin Malay, wato al'ummar da ke zaune a yankin Maleshiya da Singafo, na wancan zamani rigimar cikin gida yake nunawa, tsakanin Malay da Malay, a kan wace irin al'umma za su zama idan Bature ya tafi.

Sai ka fara sanin inda aka yi fina-finan da waɗanda suka zuba kuɗi. Kusan dukkansu a Singafo aka yi su, daga 1947 zuwa farkon shekarun 1970, a manyan kamfanoni biyu. Na farko shi ne Malay Film Productions na 'yan'uwan nan Shaw, wanda sutudiyonsa ke titin Jalan Ampas. Na biyu Cathay-Keris, wanda Loke Wan Tho da Ho Ah Loke suka kafa a 1953. Masu jarin duka 'yan asalin Sin ne. Daraktocin farko kuma yawancinsu daga Indiya suka fito, irin su B.S. Rajhans da L. Krishnan da B.N. Rao da Phani Majumdar, sai wasu 'yan Filifin kamar Ramon Estella da Lamberto Avellana. 'Yan wasa da mawaƙa da masu kallo su ne Malay, Musulmi. A saman kowa kuma ga hukumar tace fina-finai ta gwamnatin mulkin mallaka. Duk mugun da ka gani a allo, sai da ya bi ta hannun waɗannan duka kafin ya iso gare ka.

'Yan wasan farko daga dandalin bangsawan suka taso, wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe da sarakuna da aljanu wanda tushensa wasan Farsawan Bombay ne. A can kowa da gurbinsa: ga saurayi jarumi, ga budurwa, ga sarki, ga mai ban dariya, ga ifiritu. Mugu tun daga shigowarsa an san shi, da zare ido da dariyar ƙeta. Wannan salon ya biyo su cikin fim, shi ya sa wasu 'yan wasa suka ƙare rayuwarsu a gurbi ɗaya. Salleh Kamil a kamfanin Shaw da Mahmud June a Cathay-Keris, da zarar fuskarsu ta bayyana mai kallo ya san za a yi ta'asa. P. Ramlee kansa, fitaccen ɗan wasa, mawaƙi kuma darakta na zamanin, a matsayin mugu ya fara fitowa, a fim ɗin Chinta na 1948.

Mai kwat ɗin da kake magana a kai, babu inda ya fito fili kamar Penarek Becha na 1955, fim na farko da P. Ramlee ya ba da umarni. Amran talaka ne, yana tuƙa keke mai ƙafa uku yana ɗaukar fasinja, yana zaune da mahaifiyarsa a wata bukka. Azizah 'yar attajiri ce. Ghazali, wanda Salleh Kamil ya hau, shi ne ɗan gayun da ke neman ta, mai kwat da abokan banza da yawon gidajen rawa. Uban yarinyar ya amince da shi saboda tufafinsa, ya wulaƙanta Amran saboda talaucinsa. To wannan hoton daga rayuwa aka ɗauko shi. Singafo ta shekarun 1950 gari ne na tashar jiragen ruwa wanda mafi yawan mazaunansa 'yan Sin ne, Malay kuwa tsiraru ne, da yawansu direbobi da masinjoji da 'yan sanda da masu gadi. Akwai filayen shaƙatawa uku da suka yi suna, New World da Great World da Happy World, inda namiji zai sayi tikiti ya yi rawa da macen da aka ɗauka aikin rawa. Matashin da ya baro ƙauyensa a jihar Johor ko Pahang, nan ne iyayensa ke tsoron ya faɗa. A daidai lokacin kuma marubutan Malay sun kafa ƙungiyar ASAS 50 a Singafo a 1950, da taken cewa adabi don al'umma ake yin sa, kuma P. Ramlee yana cuɗanya da irin waɗannan marubuta da 'yan jarida. Don haka gargaɗi a kan ruɗin birni yana cikin fina-finan da gaske.

Amma duba Penarek Becha ɗin da kyau. Laifin Ghazali a idon fim ɗin raina talaka ne da kwaɗayin dukiyar uban yarinya. Azizah ma 'yar birni ce, tana zuwa makarantar koyon ɗinki, tana da ra'ayin kanta, kuma fim ɗin yana tare da ita ɗari bisa ɗari.

Fina-finai biyu da P. Ramlee ya yi bayan haka sun isa su rushe zaton cewa kayan Turawa su ne alamar mugunta. A Antara Dua Darjat na 1960, jarumin makaɗin fiyano ne, yarinyar kuma jinin sarauta ce mai laƙabin Tengku. Waɗanda suka raba su, suka sa aka lakaɗa masa duka, suka shirya ƙaryar cewa ta mutu, mahaifinta ne da danginta masu taƙama da asali. Fim ɗin ya fito shekara uku kacal bayan samun 'yancin Malaya (wadda daga baya ta zama Maleshiya) a 1957, lokacin da aka tabbatar wa sarakunan jihohi tara matsayinsu a tsarin mulki. Fitowa a ce wa masu jinin sarauta girman kanku na kashe mutane, a irin wannan lokaci, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Na biyun, Ibu Mertua-ku na 1962, shi ne a ganina ya fi kowane fim na zamanin fito da mugunta yadda take a rayuwa. Kassim Selamat mai busa saksafon ne. Sabariah ta ji shi a rediyo ta kamu da son sa. Mahaifiyarta, Nyonya Mansoor, wadda Mak Dara ta hau, bazawara ce mai dukiya da ke son 'yarta ta auri likitan ido, Dakta Ismadi, kuma a wurinta makaɗi ba mutum ba ne. Da ta ga ba yadda za ta yi, ta bari aka ɗaura auren Sabariah da Kassim, ta kore su. Suka koma Penang, Kassim ya ajiye busa ya shiga aikin ƙarfi, talauci ya kama su. Da Sabariah ta samu ciki, uwar ta zo da fuskar sulhu ta ce a ba ta ita ta je ta haihu a gida. Daga nan sai ta buga wa Kassim wayar tangaraho cewa matarsa ta rasu. Ya kulle kansa a ɗaki yana kuka har ya makance. Ita kuwa Sabariah aka bar ta da zaton mijinta ya yi watsi da ita, aka raba auren, ta auri likitan. Bayan shekaru, wannan likitan ne ya yi wa Kassim aiki idonsa ya buɗe, abin da ya fara gani kuwa matarsa ce da rai a gidan wani. Ya je ya tsare surukar tasa, sannan ya ɗauki cokula masu yatsu ya tsokale idanunsa da hannunsa.

Lura da yadda aka raba kaya a nan. Mai kayan busar Turawa shi ne aka zalunta. Mai kwat da ilimin boko, wato likitan, mutumin kirki ne wanda shi ma ruɗar sa aka yi. Wadda ta rusa rayuka uku kuwa dattijuwa ce, takarda ɗaya ta aika. Kuma har zuciyarta tana ganin ceton 'yarta take yi daga wahala. Wannan ne ya sa har yau 'yan Maleshiya ke ambaton sunanta idan ana zancen muguwar suruka.

Inda rigimar al'adar ta fi zafi shi ne labarin Hang Tuah da Hang Jebat. Labari ne na daular Malaka a ƙarni na 15, kafin Fotugal ta ci garin a 1511. Hang Tuah babban barden Sultan ne. Fadawa masu hassada suka ƙulla masa sharrin cewa yana neman wata mace ta cikin fada, Sultan ya ce a kashe shi ba tare da bincike ba. Waziri ya ɓoye shi ya ce an zartar. Amininsa Hang Jebat, wanda aka miƙa wa wuƙar Tuah mai suna Taming Sari, ya tayar da ƙayar baya don ɗaukar fansa, ya kori Sultan daga fadarsa, aka rasa mai iya tunkarar sa. Sai wazirin ya fito da Tuah, Sultan ya yafe masa, ya umarce shi ya je ya kashe mutumin da ya yi tawaye dominsa. Tuah ya je ya kashe shi.

Shekaru aru-aru Malay na karanta wannan labari a matsayin darasin biyayya. Tuah ne abin koyi, Jebat kuma ya aikata derhaka, wato bijire wa sarki, laifin da a tsohuwar al'adarsu babu uzurin da ke wanke shi. Fim ɗin Hang Tuah na 1956, wanda Phani Majumdar ya yi wa Shaw da launi, P. Ramlee a matsayin Tuah, Ahmad Mahmud a matsayin Jebat, ya bi wannan hanya, amma ya ƙare da Tuah yana tambayar kansa ko shi ne mai gaskiya ko Jebat. Shekara biyar bayan nan, a 1961, wani matashin darakta a Cathay-Keris, Hussein Haniff, ya fito da Hang Jebat, Nordin Ahmad ya hau Jebat, M. Amin ya hau Tuah. A nan Jebat ne mai magana da yawun adalci, yana kafa hujja da karin maganarsu mai cewa sarki adali a yi masa mubaya'a, sarki azzalumi a ja da shi. Tsakanin fina-finan biyu an samu 'yanci, kuma matasan masana irin su Kassim Ahmad sun riga sun fara rubuta cewa Jebat ne ya cancanci yabo. Mutumin da yake maci amana a 1956 ya zama ɗan gwagwarmaya a 1961, labarin kuwa bai canja ba, masu kallon ne suka canja.

Abin da nake girmamawa a aikin Hussein Haniff shi ne bai wanke Jebat tas ba. Bayan Tuah ya soke shi, Jebat ya fita cikin gari yana saran duk wanda ya ci karo da shi, talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mai kallo zai fita daga silima yana jin haushin Sultan, yana tausayin Jebat, kuma yana tsoron sa.

A shekarun nan fina-finan fada sun yi ta ɗora laifi a kan karaga. Sultan Mahmud Mangkat Dijulang na 1961 ya ɗauko kisan Sultan Mahmud na Johor a 1699: bisa labarin da ake bayarwa, matar bardensa Megat Seri Rama mai juna biyu ta ci yankin wani ɗan itace da aka tanadar wa sarki, sarki ya sa aka kashe ta, mijin ya dawo daga yaƙi ya soke shi a lokacin da fadawa ke ɗauke da shi. Singapura Dilanggar Todak ya ba da labarin yaron da ya ceci gari daga farmakin kifaye masu baki kamar takobi, ta hanyar ba da shawarar a jera kututturen ayaba a bakin teku, sai fadawa suka ce yaro mai irin wannan basira haɗari ne in ya girma, aka kashe shi. Dang Anom na 1962 kuma ya nuna yadda zaluncin sarki a kan ƙwarƙwararsa ya sa mahaifinta ya buɗe wa mayaƙan Majapahit, wata daula ta tsibirin Java, ƙofar gari. A cikinsu duka za ka ga annamimin bafade yana raɗa a kunnen sarki, domin ya fi sauƙi a ɗora wa bafade laifi. Sai dai mai kallo yana ganin bakin da ya ba da umarnin kisan. Abu biyu suka ba masu fim wannan dama: sun mayar da zancen can baya cikin tarihi, kuma suna aiki a Singafo, inda babu Sultan mai ci.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Rashin Bature a gurbin mugu yana da dalilai a bayyane. Daga 1948 zuwa 1960 Malaya na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda yaƙi da 'yan kwaminis, kuma duk fim sai ya bi ta hannun masu tacewa na gwamnati. Ga kuma tarzomar Disamba 1950 a Singafo, lokacin da kotu ta mayar da Maria Hertogh, yarinya 'yar asalin Holan da ta tashi a hannun wata Musulma, ga iyayenta Kirista, aka kashe mutum 18. Bayan wannan, babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a fim ɗin da zai iya hura wutar ƙabilanci ko ta addini. Masu kamfanonin su ne kuma masu gidajen silima, da izinin gwamnati suke cin abinci. Wannan dalilin ne ya hana a ga ɗan Sin ko ɗan Indiya a matsayin babban bos. In sun fito, sai dai mai kanti ko mai gadi ko wani ɗan gurbin ban dariya. Duniyar fim ɗin ta zama kamar Malay ne kaɗai a cikinta, alhali a titin da ke gaban sutudiyon su ne tsiraru.

Baƙon da aka yarda a nuna da mugunta shi ne sojan Japan, saboda mamayar 1942 zuwa 1945, kuma Japan abokiyar gabar Ingila ce a yaƙin. Amma ko a nan, kalli Sergeant Hassan da Matahari, duka na 1958. Wanda aka fi tsana a cikinsu ɗan gari ne da ya zama karen farautar Japanawa, yana nuna musu gidajen 'yan'uwansa, kuma a duka biyun Salleh Kamil ne ya hau gurbin. Mutanen da ke zaune a silima a 1958 sun rayu a zamanin mamayar, sun san irin waɗannan mutane a unguwanninsu.

Shi ma ƙauyen da kake ganin ana yabo bai tsira ba. A Sumpah Orang Minyak na 1958, wanda ya zama dodo mai baƙin mai a jiki yana afka wa 'yan mata, asalinsa wani mai ƙusumbi ne da mutanen ƙauye suka yi ta tsangwama da jifa, har ya ƙare da ƙulla alkawari da Iblis. A Sri Mersing na 1961, baƙo mai gaskiya ne 'yan gari suka ƙulla wa sharri saboda ba ɗan asalin wurin ba ne. Haji Bakhil na Labu dan Labi alhaji ne, ga hula ga kamala a fuska, ga matse ma'aikatansa. Addini kuwa ba a taɓa sa shi a gurbin mugu ba, shi ne ma'aunin da ake auna kowa da shi. Semerah Padi na 1956 ya nuna gari mai bin shari'a inda jarumin kansa, P. Ramlee, ya faɗa cikin zina da budurwar amininsa, ya amsa laifinsa, aka yi musu bulala ɗari-ɗari.

Inda nake ganin fina-finan sun gaza shi ne wajen mata. Namiji ya shiga birni yana iya dawowa ya tuba, amma macen da ta yi kwalliyar zamani ta shiga gidan rawa, da wuya a bar ta ta ƙare lafiya, kuma Siput Sarawak ta sha hawa irin wannan gurbi na mai raba aure. Sauran guraben mugunta na mata su ne kishiyar uwa, kamar a Bawang Putih Bawang Merah na 1959, da suruka. Har fatalwar da ta fi kawo kuɗi mace ce: Pontianak na 1957, inda Maria Menado ta fito a matsayin mummunar yarinya da ta samu kyau ta hanyar asiri bisa sharaɗin kada ta ɗanɗani jini, sai maciji ya sari mijinta, ta tsotse dafin don ta cece shi, ta rikiɗe ta zama mai shan jini. Ƙoƙarin ceton miji ne ya jawo mata la'ana. Mata masu ƙarfin hali irin jarumar Matahari, wadda ta jagoranci yaƙin sunƙuru da Japanawa, ba su da yawa.

In ka ji kamar ka san waɗannan labarai tun kafin ka kalle su, akwai dalili. Fim ɗin Malay da fim ɗin Hausa duka sun tashi ne a cikin al'ummar Musulmi da Ingila ta mulka ta hannun sarakunansu, kuma duka sun sha nonon fim ɗin Indiya, shi ya sa auren dole da talaka mai son 'yar mai kuɗi da waƙa a tsakiyar labari suka zama ruwan dare a wurare biyun. Bambancin da na fi lura da shi shi ne yadda su suka yi ta gurfanar da sarakunansu na tarihi a gaban mai kallo.

Zamanin bai daɗe ba. Talabijin ta shigo a 1963, P. Ramlee ya koma sutudiyon Merdeka a Kuala Lumpur a 1964, Singafo ta rabu da Maleshiya a 1965, Shaw suka rufe Jalan Ampas a 1967. A Kuala Lumpur ne P. Ramlee ya fara taɓa abin da aka daɗe ana kauce wa, inda a Gerimis na 1968 ya nuna Malay ya auri 'yar asalin Indiya, masu tayar da fitinar kuma dangi ne. Ya rasu a 1973 yana da shekara 44. Pontianak na farko ya ɓace, ba a da kwafinsa, amma yawancin waɗanda na ambata suna nan, wasu da fassarar Turanci a ƙasan allo. In za ka bi shawarata, fara da Penarek Becha, ka bi shi da Ibu Mertua-ku, sannan ka kalli Hang Tuah da Hang Jebat a jere, na 1956 kafin na 1961.